Tsofaffin na'urori da sabuwar kwamfuta: wace adafta ce za ta yi aiki?

Tambaya: Na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ramukanta huɗu ne kacal: USB-C biyu, USB na da mai faɗin baki ɗaya, sai HDMI ɗaya. Ina da tsofaffin kaya da har yanzu lafiyarsu ƙalau: allo mai ramukan VGA da DVI, firinta mai ƙaton kebul irin na da, kibod mai zagayayyen baki, faifan ajiya na waje, da kyamarar bidiyo mai kaset. Na sayi kebul mai HDMI a kai ɗaya da VGA a ɗaya kan, allon bai nuna komai ba. Na gwada kebul ɗin cajin wayata na USB-C a kan wani sabon allo, shi ma shiru. Shin kayan nan sun tashi aiki ke nan, ko akwai adaftar da za ta haɗa su?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar zubar da komai. Allon da faifan ajiyar za su yi maka aiki ba tare da wata wahala ba, kibod ɗin ma haka idan ka sami adaftar da ta dace, makomar firintar tana hannun wani abu da ba kebul ba, kyamarar kuwa ita ce za ta fi ba ka aiki. Amma kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kamata ka gane abin da ya sa kebul biyun da ka gwada suka ƙi, domin dalili ɗaya ne yake bayan kusan duk irin wannan matsala.

Shigar kan kebul cikin rami ba ita ce haɗuwa ba. Na'urori biyu da aka haɗa da kebul magana suke yi da juna, kuma kowane tsarin haɗi yana da harshensa. Adafta kuwa iri biyu ce. Akwai wadda in ka fasa ta ba za ka tarar da komai ba sai wayoyi da aka karkatar daga wannan allura zuwa waccan, aikinta sauya siffar baki kawai. Akwai kuma wadda take ɗauke da ɗan ƙaramin cif wanda yake karɓar magana da wani harshe ya mayar da ita zuwa wani, wato tafinta. Ta farko ba ta amfani sai idan dama can ɗaya daga cikin na'urorin biyu tana jin harshen ɗayar. Ta biyu tana buƙatar wuta kafin ta yi aiki, kuma galibi fassararta ta gefe ɗaya ce, ba a juya ta. A ido su biyun sukan yi kama ƙwarai, masu sayarwa da yawa kuma ba su san bambancin ba.

VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987 mai allurai 15, harshen analok yake yi: launukan ja, kore da shuɗi kowanne yana tafiya ta wayarsa a matsayin ƙarfin wuta mai hawa da sauka. HDMI kuwa, wanda ya fito a ƙarshen 2002, dijital ne zalla, lambobi kawai yake aikawa. Babu yadda za a karkatar da wayoyi har lambobi su koma analok, saboda haka kebul ɗin da ka saya, in dai wayoyi ne zalla a cikinsa, ba lalacewa ya yi ba, tun asali ba zai taɓa yi a kan kwamfuta irin taka ba. Abin da ake buƙata shi ne mai tafinta daga HDMI zuwa VGA, yawanci ɗan akwati ne mai gajeren kebul. Ka lura da abu biyu game da shi. Na farko, wanda aka yi don ya karɓi HDMI ya ba da VGA daban yake da wanda yake karɓar VGA ya ba da HDMI, ko da bakunansu iri ɗaya ne. Na biyu, wutar da ramin HDMI yake bayarwa ƙalilan ce, bolt 5 ne da miliamfiya hamsin da 'yan kai, kuma akwai adaftocin da hakan ba ya isar su, shi ya sa wasu suke zuwa da ƙarin ramin USB don a ba su wuta. VGA ba ya ɗaukar sauti, don haka in kana son sauti sai ka nemi wadda take da ramin lasifika a jikinta.

Sai dai ni a matsayinka ba zan bi ta VGA ba, tunda allonka yana da DVI. DVI, wanda ya fito a 1999, shi ne tushen da aka gina HDMI a kansa, kuma yadda suke aika hoto iri ɗaya ne. A nan kebul na wayoyi zalla mai HDMI a kai ɗaya da DVI a ɗaya kan yana aiki sarai, ta kowane gefe ka juya shi, kuma hoton zai fi na VGA tsabta domin ba a fassara komai a hanya ba. Iyakarsa ɗigo 1920 a faɗi da 1200 a tsaye, ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, wanda ya ishi yawancin allunan wancan zamani. Waɗanda suka fita daban su ne manyan allunan da suke nuna 2560 da 1600 ta hanyar DVI mai layi biyu, su kam sai da tafinta na musamman mai jan wuta daga USB, in ba haka ba za su nuna hoton a ƙaramin mataki ko su ƙi gaba ɗaya.

Labarin DVI yana da wani ɓangare da yake bayyana dalilin da ya sa mutane suke rantsuwa cewa sun taɓa haɗa VGA da ƙaramar adafta ta yi aiki. Gaskiyarsu ne. Ramin DVI-I, wanda ake gane shi da ƙananan ramuka huɗu da suka kewaye wata 'yar tsaga a gefe, yana fitar da dijital da analok a lokaci guda, don haka adaftar ba ta fassara komai, siginar analok ɗin da take nan tun farko kawai take ɗebowa. Ramin DVI-D ba shi da wannan. A watan Disamba na 2010 Intel da AMD tare da wasu manyan masu ƙera kwamfuta suka sanar da cewa za su daina tallafa wa VGA zuwa 2015, katunan hoto na Nvidia na jerin GTX 10 da suka fito a 2016 kuma ba su fitar da analok kwata-kwata. Tun daga nan tsohuwar adaftar da take aljihun tebur ta zama ba ta da aikin yi a kan sababbin kwamfutoci.

DisplayPort, wani tsarin haɗa allo da kwamfuta wanda ƙungiyar VESA ta fitar a 2006, shi ma dijital ne, amma harshensa daban yake da na HDMI, a ƙunshi-ƙunshi yake aika hoto kamar yadda ake aika bayanai a intanet. Yawancin ramukansa da suke jikin kwamfuta suna jin harsuna biyu, sukan ɗauki alamar DP++, kuma in suka ga an haɗa musu allon HDMI sai su sauya harshe da kansu. Wannan ne ya sa kebul mai sauƙi daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na allo yake yi. In ka juya shi, ka sa kan HDMI a kwamfuta, na DisplayPort a allo, ba za ka ga komai ba, domin ramin HDMI bai san harshen DisplayPort ba, allon kuma bai san na HDMI ta wannan ramin ba. Kebul ɗaya, bakuna iri ɗaya, amma gefe ɗaya kawai yake yi.

Yanzu sai USB-C, inda gwajinka na biyu ya faɗi, kuma inda ruɗanin ya fi yawa. USB-C, wanda aka kammala ƙa'idarsa a watan Agusta na 2014, sunan siffar baki ne kawai mai allurai 24, ba alkawari ba ne na abin da zai bi ta cikinsa. Rami ɗaya mai wannan siffa yana iya zama mai gudun USB 2.0 kaɗai, wani yana da gudun gigabit 5 ko 10 a daƙiƙa, wani yana iya fitar da hoto da harshen DisplayPort, wani yana karɓar cajin kwamfuta, wani kuma Thunderbolt ne da ya haɗa duka. Kama da wane ba ta wane. Kafin hoto ya fita ta USB-C sai abubuwa uku sun yarda: ramin kwamfutar ya zama yana fitar da hoto, allon ya zama yana karɓa ta nasa ramin, kebul ɗin kuma ya zama yana da wayoyin da za su ɗauka. Kebul ɗin da yake zuwa da yawancin wayoyin hannu ba shi da wayoyin saurin nan ko ɗaya. Abin da ke cikinsa wayoyin wuta ne, da waya biyu na USB 2.0, da wayar da na'urori suke gane juna da ita. Zai yi caji, zai kwashe hotuna a hankali, amma ba zai taɓa nuna hoto a allo ba. Ka duba gefen ramukan kwamfutarka ko akwai alamar DisplayPort, wato harafin D mai P a ciki, ko alamar walƙiya ta Thunderbolt, in babu kuma ka duba takardar bayanin samfurin, domin akwai kwamfutocin da a cikin ramukansu biyu ɗaya ne kawai yake fitar da hoto. Sannan ka nemi kebul da aka rubuta gudunsa a kai, 10Gbps ko 20Gbps ko 40Gbps, wannan ne yake nuna yana da cikakkun wayoyi. Duk adaftar USB-C zuwa HDMI ko VGA mai tafinta ce, kuma in ramin ba ya fitar da hoto, yawancinsu ba abin da za su fassara.

A ɓangaren bayanai zalla kuwa, USB ya cancanci yabo, domin ba kasafai ake samun tsarin da ya riƙe tsofaffin na'urorinsa kamar shi ba. USB 1.0 ya fito a 1996 da gudun megabit 12 a daƙiƙa, USB 2.0 a 2000 da megabit 480, USB 3.0 a 2008 da gigabit 5, kuma linzamin kwamfuta da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1990 yana aiki a ramin da aka ƙera bana. Sirrin shi ne ba a taɓa cire tsofaffin wayoyin ba. Lokacin da aka zo USB 3.0 sai aka bar allurai huɗun asali a inda suke, aka ƙara biyar a can cikin bakin, har yau kuma kowane rami na USB-C da yake ɗaukar bayanai yana da waya biyun nan na USB 2.0. In aka haɗa tsoho da sabo, gudun mafi rauni a cikin ukun, wato na'ura da kebul da rami, shi ake bi. Sunayen ne kawai suka zama abin takaici: abin da aka sani da USB 3.0 an sake masa suna USB 3.1 Gen 1, daga baya aka mayar da shi USB 3.2 Gen 1, alhali gigabit 5 ɗin nan ne bai ƙaru ba. Kada lambar ta ruɗe ka, adadin gudun za ka nema.

Faifan ajiyarka saboda haka sai dai ka sa shi a ramin USB mai faɗi, ko ka saya masa kebul mai kan USB-C. In ramin da ke jikinsa irin siriri mai faɗin nan ne da ya yi kama da ramuka biyu a manne, to Micro-B ne na USB 3.0, kuma tsohon kebul ɗin cajin waya na micro yana shiga rabinsa ya yi aiki da gudun USB 2.0, dabara ce mai amfani ranar da nasa ya ɓata. Matsalar da ake yawan samu da faifai ta wuta ce. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900, faifai mai juyawa kuwa lokacin tashinsa ne yake jan wuta mafi yawa. In ka ji yana ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa, musamman a bayan mahaɗar USB marar cajarta ko dogon siririn kebul, ka fara zargin wuta kafin ka yanke masa hukuncin mutuwa. Babban faifai mai inci 3.5 da aka ciro daga kwamfutar tebur kuwa yana buƙatar bolt 12, wanda ramin USB na da ba ya bayarwa, don haka adaftarsa dole ta zo da nata wutar, ko bakin faifan SATA ne ko tsohon IDE mai allurai 40.

Zan ɗan daɗe a kan wutar USB-C, domin nan ne kuskure yake iya wuce rashin aiki ya kai ga ƙonewa. Tsohon ramin USB mai faɗi kullum bolt 5 yana tsaye a bakinsa, kowa ya zo ya ɗiba. Ramin USB-C ba haka yake ba, ba ya sakin wuta sai ya ga shaidar cewa mai karɓa ne aka haɗa, shaidar kuwa resisto ne, wato ɗan abin da yake taƙaita gudun wuta, mai kilo-om 5.1 a jikin na'urar. Ƙananan kaya da yawa, irin su fitilu da fankokin hannu, an sa musu ramin USB-C an bar resiston, shi ya sa za ka ga suna caji da kebul mai kan USB na da amma su ƙi da mai USB-C kai biyu. Ba kebul ɗin ne da laifi ba. Ko ƙwararru sun taɓa tuntuɓe a nan: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019 an haɗa mata allurai biyu a kan resisto ɗaya maimakon kowace da nata, sai manyan kebul masu cif suka riƙa ɗaukar ta a matsayin na'urar sauti suna hana ta wuta, har sai da aka gyara a bugu na gaba. Kebul mai USB na da a kai ɗaya da USB-C a ɗaya kan shi ma yana da nasa resiston, mai kilo-om 56, wanda yake gaya wa na'urar kada ta ja wutar da ta fi ƙarfin tsohon rami. A 2015 da 2016 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya yi ta gwada irin waɗannan kebul yana bayyana waɗanda suka saɓa ƙa'ida, har wani da aka haɗa wayoyinsa a juye ya ƙona masa kwamfuta. Araha ba ta ado. Ka kuma sani cewa 'yar adaftar nan mai namijin USB na da da macen USB-C ƙa'idar ba ta yarda da ita ba, duk da cewa tana ko'ina, domin da ita ana iya haɗa ramuka biyu masu ba da wuta su yi karo. Kishiyarta, mai namijin USB-C da macen USB na da, halastacciya ce, kuma ita ce za ka riƙa amfani da ita wajen sa filas da linzami.

Game da cajin kwamfutar kanta, kowane kebul na USB-C kai biyu da ya bi ƙa'ida yana ɗaukar amfiya 3, wato wat 60 a bolt 20. Wanda zai ɗauki amfiya 5, wato wat 100, sai yana da cif a kansa da yake shaida wa caja ƙarfinsa, tun 2021 kuma ƙa'idar ta kai wat 240 a bolt 48. Caja mai ƙarfi ba ta cutar da ƙaramar na'ura, domin sai sun daidaita kafin a ɗaga bolt sama da 5. Tsofaffin cajoji masu zagayayyen baki ba su da wannan ladabi, abin da aka rubuta a jikinsu shi suke turawa, saboda haka shigar bakin ba hujja ba ce, sai ka tabbatar bolt ɗin ya yi daidai kuma gefen da yake ɗauke da wuta, ciki ko waje, ya dace.

Thunderbolt ya cancanci gargaɗi guda. Samfurinsa na farko da na biyu, na 2011 da 2013, sun ari bakin Mini DisplayPort, na uku kuma tun 2015 ya ari na USB-C. Na'urar Thunderbolt zalla ba ta aiki a ramin USB-C na gama-gari duk da cewa tana shiga daram, ita ma adaftar Apple da take haɗa Thunderbolt 3 da Thunderbolt 2 ba ta kunna allon Mini DisplayPort na gama-gari, ko da yake bakin ya dace. In kuma ka sayi mahaɗar USB-C mai ramuka da yawa, ka san cewa layukan sauri huɗu ne a cikin kebul ɗin, kuma raba su ake yi tsakanin hoto da bayanai. A kan kwamfutar da take da DisplayPort 1.2, allon 4K mai sabuntawa sau 60 yana cinye duka huɗun, sai ramukan USB su koma gudun 2.0, in an bar wa bayanai biyu, allon sai ya sauka zuwa sau 30. Wani abin da ba kowa ya sani ba: ramin USB 3.0 yana fitar da hayaniya a zangon gigahaz 2.4, Intel ta wallafa bayani a kan haka a 2012, don haka in linzami marar waya ya fara tsalle-tsalle bayan ka sa faifai kusa da ɗan makarɓinsa, ka nisanta su da gajeren kebul na ƙari.

Kibod ɗinka mai zagayayyen baki PS/2 ne, mai allurai 6, shi ma na 1987, wanda daga baya aka riƙa yi masa launin shunayya, na linzami kuma kore. Ƙananan adaftocin nan masu launi da suka riƙa zuwa a kwalin kibod da linzami wayoyi ne zalla, suna aiki ne kawai da na'urar da aka ƙera ta tana jin USB da PS/2 duka. Tsohon kibod na PS/2 tsantsa yana buƙatar mai tafinta, wadda yawanci take da kan USB ɗaya da wutsiyoyi biyu, shunayya da kore. Ita kwamfutar a matsayin kibod na USB za ta gan shi, ba ta neman wata manhaja. Wasu tsofaffin kibod na IBM na shekarun 1980 suna jan wuta fiye da na yanzu, ba kowace adafta ce take iya tayar da su ba, in ta farko ta ƙi sai ka gwada wata kafin ka ɗora wa kibod ɗin laifi.

Firintar ita ce inda kebul ba shi ne ƙarshen magana ba. Ƙaton kebul ɗin nan na faralel ne, mai allurai 25 a gefen kwamfuta da 36 a gefen firinta, kuma kebul mai tafinta daga USB zuwa faralel yana nan ana samu. Sai dai abin da yake yi shi ne ya nuna wa kwamfuta firintar kamar ta USB ce, ba ya samar da ainihin ramin faralel, saboda haka sikana, makullin manhaja da injunan masana'anta da suke amfani da wannan rami ba sa aiki da shi, su sai kati da ake dasawa a cikin kwamfutar tebur. Ga buga takarda kuwa yana yi, muddin akwai direba, wato manhajar da take koya wa kwamfuta yadda za ta yi wa firintar magana. Kibod, linzami, filas da yawancin kyamarorin intanet suna bin harshe na bai-ɗaya da kowace babbar manhaja, irin su Windows da macOS, ta sani, shi ya sa tsufa ba ya kashe su. Firinta da sikana ba haka suke ba. Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai, direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba zai hau kanta ba, macOS ma tun Catalina a 2019 ta daina karɓar manhajoji masu bit 32. Abin da za ka bincika shi ne ko firintarka tana jin PCL ko PostScript, harsuna biyu na bai-ɗaya da ake yi wa firinta magana da su. In tana ji, kamar yadda yawancin manyan firintocin leza na ofis suke ji, direba na gama-gari zai tuƙa ta ko da kamfaninta ya manta da ita. In kuwa irin masu sauƙin nan ce da ba su da ƙwaƙwalwar kansu, waɗanda kwamfuta ce take yi musu duk lissafin shafi, to rayuwarta a ɗaure take da direbanta, kuma mafitarka ita ce ka gwada ta a babbar manhajar Linux, inda tsarin buga takarda na CUPS yake riƙe da tsofaffin firintoci masu yawa, ko ka ajiye mata tsohuwar kwamfuta da za ta riƙa karɓar aiki daga sabuwar. Ka leƙa bayanta ma, wataƙila tana da ramin USB mai kusurwa huɗu ko na kebul ɗin intanet da ba ka taɓa lura da shi ba, kowanne daga cikinsu ya fi adafta.

Saura kyamarar. In kaset ɗinta MiniDV ne, ɗan ƙaramin ramin da ke jikinta mai allurai huɗu FireWire ne, wanda a hukumance ake kira IEEE 1394 tun 1995, Sony kuma take kiransa i.LINK. Za ka ga ana tallar kebul mai USB a kai ɗaya da FireWire a ɗaya kan. Kada ka saya. Tsarin biyu sun bambanta tun daga tushe, domin a USB kwamfuta ce shugaba, na'ura ba ta magana sai an tambaye ta, a FireWire kuwa na'urori tsara ne, kyamara tana kwararo bidiyonta a kan lokacin da aka ware mata, kuma wayoyi zalla ba za su cike wannan giɓi ba. Akwai ma haɗari, tunda babban ramin FireWire mai allurai shida yana iya ɗaukar wuta har bolt 30, wadda in ta bi ta inda bai kamata ba tana ƙona ramin kyamara. Ramin USB da ke jikin yawancin irin waɗannan kyamarori kuwa na kwashe hotunan da ke kan katin ajiya ne, ba na cikakken bidiyon kaset ba.

Hanyoyi biyu ne suke aiki. Idan ramukanka na USB-C Thunderbolt ne, ana iya jera adafta a kan adafta: daga Thunderbolt 3 zuwa Thunderbolt 2, daga nan zuwa FireWire 800, sannan kebul mai allurai tara zuwa huɗu. Mutane sun gwada wannan hanya ta yi musu aiki, amma ta dogara da babbar manhajar da kake kai, kuma adaftocin sun fara wuyar samu. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce kwamfutar tebur da aka dasa wa katin FireWire na PCI Express, ko tsohuwar kwamfutar da ta zo da ramin tun daga masana'anta. Ka haɗa kebul ɗin kyamara da kwamfuta suna kashe, sannan ka kunna. Kwashewar tana cin lokaci daidai da tsawon kaset ɗin, awa ɗaya a awa ɗaya, kuma kowace awa ta bidiyon DV tana cin kusan gigabait 13, saboda haka ka ƙirga kaset ɗinka ka tanadi wurin ajiya tun kafin ka fara. Ba zan ba ka shawarar jinkirta wannan aiki ba, domin kaset yana lalacewa da shekaru, injin kyamarar da yake juya shi ma ba a ƙera sabonsa yanzu.